Yadda Ya Kamata A Koyar Da Ilmin Siminti

Daga cikin fannonin da ake ɗora wa ɗaliban injiniya, da wuya a sami wanda ake haddacewa ba tare da fahimta ba kamar ilmin sinadaran siminti, domin galibi malami yakan cika allo da haruffa da alƙaluma, ɗalibi ya kwashe, ya juye su ranar jarrabawa, sa'an nan ya je wurin gini yana cewa a jira kankare ya bushe, alhali kuwa siminti ba bushewa yake yi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa, ya zama wani abu dabam wanda ke ɗaure yashi da tsakuwa, shi ya sa yake ƙanƙarewa ko a ƙarƙashin kogi, shi ya sa kuma mai gidan bulo ke sa yara ban ruwa safe da yamma.

A ganina wannan mas'ala da hannu ya kamata a fara ta. A sa ɗalibai su yi kwaɓi guda, su zuba a mazubi biyu, bayan kwana ɗaya a nutsar da ɗaya cikin ruwa, ɗayan a bar shi ga rana da iskar hunturu. Idan kwana 28 sun cika, wanda shi ne wa'adin da ake auna ƙarfin kankare, a kai su ga injin matsi, kowa ya ga wanda ya riga fashewa. Haka nan a yi wa wani kwaɓin ƙarin ruwa, irin wanda lebura ke yi don shebur ya yi masa sauƙi, ɗalibi ya ga rauninsa da idonsa, sa'an nan a gaya masa cewa Duff Abrams ya kafa wannan ƙa'ida a Amurka tun 1918. Hujjar da ido ya gani ita ke buɗe wa lissafi ƙofa, kamar yadda sharhi ke buɗe matani.

Akwai kuma gwajin zafi, wanda fulas ɗin shayi da ma'auni sun ishe shi. Ɗalibi zai lura cewa kwaɓin yakan yi lamo na 'yan sa'o'i kamar ba abin da ke gudana, daga bisani zafi ya taso; wannan lamon shi ne rahamar da ke ba magini damar zuba kankare, zafin kuwa shi ne ya sa masu gina madatsar Hoover a shekarun 1930 suka binne bututun ruwan sanyi cikin gininta, don kada ta tsattsage. In aka barbaɗa ɗan sukari a wani kwaɓin sai ya ƙi kamawa da wuri, in kuwa aka niƙa kilinka, wato dunƙulen da ke fitowa daga tanderun siminti, ba tare da jibsam ɗin da ake haɗa masa ba, aka kwaɓa, sai ya sandare cikin mintoci, nan take fa'idar jibsam ta bayyana ba sai an yi dogon bayani ba.

Ziyarar masana'anta, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka, ko Malbaza a Nijar, tana da amfani, muddin ba yawon buɗe ido aka mayar da ita ba: a ga tanderun da ke gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu har zafi ya kai wajen digiri 1450.

Gwajin da na fi so kuwa shi ne a fasa tsohon kankare, a fesa masa ruwan finoftalin. Cikinsa sai ya rine ya yi ja-ja, bakinsa kuma, inda iskar kabon ta ratsa shekara da shekaru, ya tsaya yadda yake. Ɗalibi ya ɗauki rula ya auna zurfin wannan ɓangare, domin ranar da ya isa ga rodi, kariyar rodin ta ƙare, tsatsa ta sami hanya.