Nonon Uwa da Ƙananan Halittun Hanjin Jariri

Yana daga cikin abubuwan al'ajabi da binciken likitoci ya tabbatar, cewa a cikin nonon uwa akwai wani dangin sukari, iri-iri har fiye da 100, wanda, in ban da ruwa, shi ne na uku a yawa bayan sukarin madara da maiƙo, alhali kuwa cikin jariri ba shi da ikon narkar da shi ko kaɗan. To, wa aka tanadar wa wannan abinci? Tun a shekarar 1899 wani likita Bafaranshe, Henri Tissier, ya gano wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani a kashin jarirai masu shan nono, waɗanda a yau ake kira Bifidobacterium, kuma su ne masu wannan rabo.

Idan suka ci suka hayayyafa, sai su fitar da wani tsami wanda ƙwayoyin gudawa ba sa iya jure masa, su kuma mamaye bangon hanji kamar yadda gero mai albarka yake hana ciyawa wurin tsayawa. Kowace uwa ta san alamar wannan aiki ko da ba ta san sababinsa ba: kashin mai shan nono zalla rawaya ne, mai laushi, mai ɗan ƙanshin tsami maimakon ɗoyi.

Mas'alar da ta dame ni ita ce ta ruwa. A Minna, idan zafin Maris da Afrilu ya tsananta, sai ka iske kaka a Kpakungu ko Bosso, bisa tsantsar tausayi, ta ɗebo ruwan randa da aka saya wurin mai garuwa, ta ɗura wa jinjiri da cokali tana cewa, "Yaron nan ƙishi yake ji." Haƙiƙa wajen kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, saboda haka babu ƙishin da bai kashe ba, shi kuwa wancan cokali yana iya shigar da baƙin ƙwayoyi cikin hanjin da masu tsaronsa ba su gama kafuwa ba. Haka nan matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, hasara ce babba, domin shi ne ya fi ɗauke da garkuwar da ke lulluɓe hanji a kwanakin farko.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 suke shan nono zalla, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasiyya da wata 6 ba ruwa ba kunu, sa'an nan a ci gaba har shekara 2, wato muddar da Alƙur'ani Mai Girma ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Iyayenmu kakanni da ungozomomi, da ku magidanta, ku ciyar da mai jego ta ƙoshi, ku ba ta ruwan ita ta sha, jinjiri kuwa a bar shi da nononsa har ya cika wata 6.