Izinin Gini a Lafiya: Takardar Fili Daban, Takardar Gini Daban

Shirin musamman na wannan mako zai duba batun izinin gini a garin Lafiya, fadar gwamnatin Jihar Nasarawa, wato amincewar da doka ta wajabta wa duk mai son gina gidan zama ya samu a rubuce daga hukuma kafin a haƙa harsashi, wadda kuma magidanta da yawa ba sa tunawa da ita sai ranar da suka wayi gari suka tarar da jan fenti a jikin katangarsu. Tushen matsalar shi ne yadda ake gwama takardu biyu da shari'a ta raba, domin takardar da ke nuna cewa mutum ya mallaki fili daban take da takardar da ke ba shi damar ɗora gini a kan filin, kuma mutum yana iya riƙe ta farko cikakkiya ba tare da ta hana katafila taɓa gininsa ba.

Tarihin garin sananne ne, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. Barebari ne ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa Lafiya, ta zauna cikin Lardin Binuwai a zamanin Turawa, ta shiga Jihar Binuwai da Filato a 1967, sannan Jihar Filato a 1976, har zuwa ranar 1 ga Oktoba 1996 da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa ta mai da garin babban birni. Daga wannan rana ma'aikatan gwamnati suka kwararo suna neman muhalli, zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 kuma ya ƙara wa fili daraja, ta yadda gonakin da ke kewaye da Bukan Sidi da Ombi da Shabu da Gandu suka riƙa komawa fuloti-fuloti cikin saurin da ya zarce na masu zana taswirar gari.

Takarda ta farko, wato ta mallaka, tana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma raba ta gida biyu: ƙasar birni, wadda gwamna ke ba da haƙƙin zama a kanta, da ƙasar karkara, wadda ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin gargajiya a kanta. Shaidar haƙƙin da gwamna ya bayar ita ce takardar da jama'a suka fi sani da C of O, wadda galibi wa'adinta shekara 99 ne ga gidan zama, kuma tun zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura hukumar NAGIS, mai adana bayanan filaye a kwamfuta, ita ce ke kula da rajistarta. To amma abin da yawancin masu saye ke riƙe da shi a hannu shi ne yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai sayarwa da shaidu da hatimin mai unguwa, wadda take da amfani wajen tabbatar da cewa an yi ciniki an biya, ba ta kuwa ce komai a kan ko wurin hanya ne, ko mashigar ruwa, ko filin da aka keɓe wa makaranta.

Takarda ta biyu, wato izinin gini, tana fitowa ne daga Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa, wadda ake taƙaita sunanta da NUDB, kuma a nan ma akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin wasu na zaton sakatariyar ƙaramar hukuma ce wurin zuwa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi aikin raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba da karɓar wasu kuɗaɗen shiga, amma tsara birni ya zauna a hannun jiha, musamman bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 a ƙarar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, inda kotun ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Dokar tarayya ta tsara birane da yankuna ta 1992 ita ce dai ta shimfiɗa salon da jihohi da dama suka bi wajen rubuta nasu dokokin.

Fayil ɗin da mai nema ke miƙawa, kamar yadda yake a yawancin jihohin ƙasar nan, ya ƙunshi shaidar mallakar fili, da taswirar safiyo wadda ke nuna iyakokin fulotin da duwatsun kan iyaka, da zanen gidan daga hannun masanin zanen gine-gine mai rajista, da zanen injiniya idan bene ne, wanda ke fayyace kaurin ginshiƙai da girman rodi da zurfin harsashi, tare da shaidar biyan haraji da rasit na kuɗin dubawa. Jami'in da ya buɗe wannan fayil ba kyan falo ko yawan ɗakuna yake nema ba. Idonsa yana kan tazarar da aka bari tsakanin gini da titi, da tsakanin gini da katangar maƙwabci, da kason fulotin da ginin ya cinye, da inda tagogi suke fuskanta, da inda ruwan kwano zai zuba, da kuma nisan da ke tsakanin ramin masai da rijiya. A fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, wanda shi ne ma'aunin da dillalai suka fi ambata, mai gidan haya yakan so ya jera ɗakuna daga katanga zuwa katanga domin kowane ɗaki kuɗi ne a ƙarshen shekara, sai ya wayi gari ramin masansa yana taku kaɗan daga rijiyar maƙwabcinsa, kuma irin wannan ne zanen da aka duba da gaskiya yake kamawa tun yana kan takarda.

A nan ya dace a ɗan tsaya, domin akwai masu kallon wannan tsari a matsayin baƙon abu da Turawa suka kawo, alhali tambayoyin da jami'in ke yi tsofaffi ne ƙwarai a fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar Hausa suka karanta suka karantar. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu ya dawo musu da bayani, kuma daga wannan aiki ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya tattauna tagar da ke leƙa gidan wani, da ƙofar da aka buɗe daura da ƙofar maƙwabci, da hayaƙin tanderu, da bangon da ya karkata yana barazanar faɗowa kan masu wucewa, da wanda ya ci hanya da gininsa. Littattafan mazhabar sun kawo wani gwaji mai ban sha'awa da ake jinginawa ga Sayyidina Umar game da tagar ɗakin sama: a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya, idan ya hango cikin gidan maƙwabci sai a toshe ta, idan bai hango ba a bar wa mai ita. Gado ɗaya da mutum ɗaya sun isa a yanke hukunci, ba tare da fom ko rasit ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan raya matacciyar ƙasa da hurumin da ake bar wa rijiya da gari, kuma duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa ya san cewa ba a juya indararo ya zuba a tsakar gidan wani, idan kuwa aka yi, maganar tana ƙarewa a zauren mai unguwa. Haƙƙin maƙwabci da hanyar jama'a da mafitar ruwa, waɗannan uku su ne zuciyar izinin gini a da, su ne kuma zuciyarsa a yau.

Abin da Turawa suka kawo shi ne ofis da taswira, kuma manufarsu ta farko ba ta da alaƙa da jin daɗin talaka. Dokar garuruwa ta 1917 a zamanin Gwamna Lugga ta kasa garuruwan Nijeriya aji uku, Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, kuma tsarin wancan lokaci ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga sauro da gobara. Yadi 440, wato rubu'in mil, shi ne nisan da aka ga ya isa ya raba Bature da zazzaɓin cizon sauro. Tsofaffin garuruwan sarakuna an bar su a hannun En'e, dokar tsara gari ta 1946 ma ba ta sauya wannan sosai ba, saboda haka aka gaji tsari mai fuska biyu, unguwar gwamnati mai faffaɗan titi da magudanar ruwa a gefe guda, da unguwar jama'a da ke girma yadda ta ga dama a ɗaya gefen. Mai zagaya Lafiya daga hanyar Shendam zuwa lungunan sababbin unguwanni zai ga cewa wannan gado bai gushe ba.

Dalilan da ke sa magidanta kauce wa hukuma ba jahilci kaɗai ba ne, kuma rashin adalci ne a ɗora musu laifin duka. Na farko, iyalan da suka gaji gona su ne ke yanka ta su sayar, sau da yawa da igiya da turaku, suna ƙuntata hanya domin a samu ƙarin fuloti ɗaya ko biyu, ta yadda kafin jami'in tsara gari ya iso unguwa ta riga ta zauna. Na biyu, ma'aikaci ko ɗan kasuwa ba ya gina gida a shekara guda: bana ya sayi bulo ya jibge, baɗi ya zuba harsashi, bayan an sayar da doya ko riɗi ya kai linta, kango ya tsaya yana shan damina har Allah ya hore kuɗin kwano. Dokar 1992 kuwa ta ba izinin gini wa'adin shekara 2, wanda ke nufin an rubuta ta ne da tunanin mai kuɗi a hannu, ba mai tara taro da sisi ba. Na uku shi ne zargin da ke bakin jama'a cewa hukumomin tsara birane a faɗin ƙasar nan sun fi kaifin ido wajen karɓar kuɗi a kan zuwa duba aiki, kuma duk inda hatimi ya zama abin saye, mai bin doka da mai karya ta sun zama ɗaya a idon maƙwabta. Izinin da ba a bi shi da dubawa ba lokacin zuba harsashi da lokacin ɗaura rodin bene, haraji ne kawai aka sauya wa suna.

Sai dai ƙasa da ruwa ba su san wannan muhawara ba. Ƙasar Lafiya mai yashi ce, daminarta tana ɗaukar kusan wata 7, daga Afrilu zuwa Oktoba, zaizayar ƙasa kuma tsohuwar matsala ce a garin, don haka gidan da aka dasa a bakin rafin Amba ko a kan wani kwari da ya bushe da rani yana tura ruwa ne zuwa ɗakin wanda ke ƙasa da shi. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, abin da ya shafi duk mai fili a kan hanyar Makurɗi ko ta Akwanga, haka kuma babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330, irin wanda ke shiga tashar Akurba da aka buɗe a 2022, yana da hurumin mita 50 da ba a yarda a yi gini a ciki ba. Game da ingancin gini kuwa, makarantar bene da ta rufta a Jos ranar 12 ga Yuli 2024 ta kashe mutum 22, mafi yawansu ɗalibai, ta isa tunatarwa ga duk mai niyyar ɗora hawa na biyu a kan harsashin da aka zuba don hawa ɗaya.

Lokaci ya ƙure, saura 'yan abubuwa a taƙaice. Hukuma tana da ikon ba da umarnin dakatar da aiki, sannan sanarwar gyara ko rushewa, kuma idan aikin gwamnati ya biyo ta kan gini, hukumomi kan ƙi biyan diyya ga wanda ba shi da izini, bankuna ma ba sa karɓar irin wannan gida a matsayin jingina. Ga hukumar NUDB, buƙatar jama'a ita ce a manna jadawalin kuɗaɗe a bainar kowa, a faɗi kwanakin da fayil zai ɗauka, a kuma riga masu yankan gona isa sababbin unguwanni. Ga mai shirin sayen fili a Lafiya kuwa, ya kai taswirar safiyo ofishin NAGIS a bincika masa matsayin wurin kafin ya biya kuɗi, ya kuma karɓi izinin gini a hannu kafin ya kira birkila.