Takardar da ta faɗo ta WhatsApp: Yadda ma'aikaci zai gane ta gaskiya da ta bogi

Duk lokacin da wata ya doshi ƙarshe, zaurukan WhatsApp na ma'aikatan tarayya kan cika da takardu. Wata ta ce an amince da ƙarin albashi, wata ta ce za a biya bashin alawus a mako mai zuwa, wata kuma ta ce an buɗe ɗaukar ma'aikata. Kowacce na ɗauke da tambarin gwamnati da sa hannu. Kafin azahar labarin ya zagaye Sakatariyar Tarayya, har wani ya ci bashi bisa kuɗin da ba su shigo ba.

Ga hadimin minista ko na babban sakatare, asarar ta wuce ta aljihu. Idan ya kai wa maigidansa labarin ƙanzon kurege, maigidan ya faɗe shi a bainar jama'a, to magana zarar bunu ce. Amanar da aka yi shekaru ana ginawa sai ta rushe a wuni ɗaya.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar jita-jita. A watan Agustan 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya bazu cewa sha da wanka da ruwan gishiri na kare mutum daga cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu sakamakon shan ruwan. A Disambar 2018 kuma, sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fito da kansa a ƙasar Foland ya ƙaryata raɗe-raɗin cewa ya rasu an musanya shi da wani ɗan Sudan mai suna Jubril. Da yawa daga waɗanda suka yaɗa labaran nan masu ilimi ne, kuma sun tura su ne saboda wanda ya aiko musu mutum ne da suka yarda da shi.

A teburin tace labarai, tambayar farko da muke yi ita ce: wa ke da hurumin faɗin wannan magana? Ma'aikaci ya fi kowa sanin amsar. Tsarin albashi na Hukumar Kula da Albashi da Kuɗaɗen Shiga ta Ƙasa ne. Biyan albashi ta IPPIS yana hannun Ofishin Akanta-Janar na Tarayya. Umarnin da ya shafi tafiyar da aiki daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya yake fitowa. Ɗaukar aiki a ma'aikatu na Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ne, hutun ƙasa kuwa Ministan Cikin Gida ke sanar da shi. Takardar da ta fito daga ofishin da ba shi da hurumi a kan batun, abar tuhuma ce tun daga kanta.

Sai a duba takardar ita kanta. Sakula ta gaskiya tana da lamba da kwanan wata da jerin ofisoshin da aka aika wa. A kwatanta da wata tsohuwa da ke cikin fayil. Shin wanda ya sa hannu shi ne ke riƙe da muƙamin a ranar da aka rubuta? Masu ƙirƙira kan ɗauki tsohuwar takarda su sauya kwanan wata, su manta cewa jami'in ya riga ya yi ritaya. Idan takardar ta tura mutum zuwa wani shafin intanet, a lura da adireshinsa: galibin shafukan gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa. Duk shafin da ya nemi kuɗin fom da sunan ɗaukar aiki, tarko ne.

Wani lokacin labarin gaskiya ne, lokacinsa ne ya wuce, ko kuma bai kai ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a ranar 29 ga Yuli, 2024, amma sa hannu daban, fitar da jadawalin kowane mataki daban, shigar kuɗi asusu kuma daban. Mai son sanin gaskiya sai ya tambayi matakin da maganar take kai.

Hoto ma yana yin ƙarya. Manhajar Google Lens tana nuna wuraren da hoto ya taɓa bayyana, ta haka ake gane hoton wata ƙasa da aka jingina wa Abuja. Murya da bidiyo kuwa yanzu ƙirƙirarriyar basira na kwaikwayon su, don haka jin muryar babban mutum bai isa hujja ba sai an ga jawabin a kafar ofishinsa. Akwai kuma masu aikin bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check da FactCheckHub, waɗanda sau da yawa sun riga sun binciki abin da ke yawo.

Ma'aikaci yana da gatan da sauran jama'a ba su da shi. Ɗan ƙasa sai ya rubuta takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya jira kwana bakwai, shi kuwa taku kaɗan ne tsakaninsa da rajistara ko sashen kula da ma'aikata. Gani ya kori ji. Sai dai ya tuna cewa ko takardar ta tabbata ta gaskiya ce, ƙa'idojin aikin gwamnati da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 sun hana fitar da takardar sirri ba tare da izini ba.

Saƙon da ya ce a yaɗa shi cikin gaggawa, shi ya fi cancantar a jinkirta. Idan ƙarin albashin gaskiya ne, zai bayyana a takardar albashi ko an tura saƙon ko ba a tura ba.