Eugene O'Keefe da Illar Mayar da Tarihin Attajirai Tatsuniya

Masu laccar zaburar da matasa sun saba yanke wa tarihin attajiri kai da ƙafa, har ya koma labarin wanda ya taso hannu Rabbana ya wayi gari cikin dukiya, kuma rayuwar Eugene O'Keefe, mai masana'antar giya a birnin Toronto na Kanada, ta isa ta fallasa raunin wannan salo. An haife shi a garin Bandon na ƙasar Ailan a 1827, kuma da zarar an ambaci ɗan Ailan da ya yi ƙaura a ƙarni na 19 sai mutane su ɗauka yunwa ce ta koro shi. Lissafi bai yarda da haka ba, domin iyayensa sun kai shi Kanada a 1832, alhali babbar yunwar da cutar dankalin turawa ta haddasa ba ta soma ba sai 1845. Bai kuma faɗa kasuwanci da ka ba, ya yi shekaru yana riƙe littattafan kuɗi a Toronto Savings Bank kafin ya haɗa jari da abokan hulɗa a 1861 su sayi masana'antar Victoria, wadda suka tarar tana aiki.

Abin takaici shi ne matashin da aka ɓoye wa waɗannan matakai yakan zargi kansa da rashin zuciya. Ya kamata mai sauraro ya gwada shekarun da aka ambata da juna, ya tambayi sana'ar da mutumin ya fara koya, da wanda ya zuba jarin farko, da abokan da aka share sunayensu, sannan ya tambayi abin da ake sayarwa, domin hajar O'Keefe haramun ce a Musulunci, kuma masu yaƙi da shan giya cikin Kiristocin lardin Ontario sun daɗe suna adawa da sana'ar.

Kyautarsa kuwa tabbatacciya ce. Fafaroma Pius na 10 ya karrama shi a 1909, a 1911 ya saya wa Katolika 'yan Poland mazauna Toronto ginin coci, kuma shi ya ɗauki nauyin gina seminarin St. Augustine, wato makarantar horar da limaman Katolika, wadda aka buɗe a 1913, shekarar da ya rasu.