Yadda Ake Auna Manhajar Tsara Aiki: Darasi Daga Lambun Albasa a Ƙasar Illela

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan gaskiya ne, sai dai idan hannuwa goma suka taru a kan jinka, wasu suka ɗaga alhali wasu ba su ji an ce a ɗaga ba, to jinkar nan ƙasa za ta yi. Haka al'amarin yake ga duk wata ƙaramar ƙungiya da ta sa wani aiki a gaba, ko ta ɗalibai ce, ko ta manoma, ko ta ma'aikatan lafiya. A yau akwai manhajoji da dama a intanet waɗanda aka ƙirƙira domin su taimaka wa irin waɗannan ƙungiyoyi su san wa ke yin me, da kuma ranar da ya kamata ya gama. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda manhajojin ke aiki, sannan ta nuna hanyar da za a bi a auna su kafin a dogara da su. Za a ɗauki misali daga Darna Sabon Gari da ke Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Nijar.

Tushen matsalar

Lissafi kaɗan zai nuna inda gizo ke saƙa. Idan mutum biyu suna aiki tare, hanyar magana ɗaya ce tsakaninsu. Idan sun zama 5, hanyoyin sun zama 10. Idan kuwa suka kai 10, hanyoyin sun tashi zuwa 45. Ana samun wannan ne ta hanyar ninka yawan mutanen da adadin da ya gaza shi da ɗaya, sannan a raba biyu. Wato ke nan mutane sun ninka sau biyu, amma kafofin da saƙo zai iya ɓacewa sun ninka fiye da sau huɗu. Amfanin manhajar tsara aiki shi ne ta maye gurbin waɗannan hanyoyi masu yawa da allo guda ɗaya wanda kowa ke dubawa.

Taƙaitaccen tarihi

Dabarun da ke cikin manhajojin sun girmi na'ura mai ƙwaƙwalwa ta zamani. Tsakanin 1910 da 1915 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Henry Gantt ya yaɗa wani jadawali wanda ake jera ayyuka a gefensa na hagu, a jera kwanaki a samansa, sannan a ja wa kowane aiki layi gwargwadon tsawon lokacinsa. Har yau ana kiransa jadawalin Gantt. A shekarar 1957 masana a kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu ke jinkirta aikin baki ɗaya. A can ƙasar Japan kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Taiichi Ohno na kamfanin motoci na Toyota ya tsara amfani da katuna da ake kira Kanban domin bin sawun kayan aiki a masana'anta.

Daga baya aka zuba waɗannan dabaru cikin kwamfuta. Microsoft Project ya fito a 1984, Basecamp a 2004, Trello kuma a 2011. Akwai irin su Asana da Redmine da OpenProject. Trello ya yi fice da allo mai ginshiƙai, misali ginshiƙin abin da za a yi, da na abin da ake kan yi, da na abin da aka gama, ana matsar da kati daga wannan zuwa wancan. Kalmar "a intanet" tana nufin cewa bayanan ba a cikin wayar mutum suke zaune ba. Suna ajiye ne a wata babbar kwamfuta ta kamfanin, sau da yawa a wata nahiya, wayar kuwa taga ce kawai da ake leƙa su. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin yawancin matsalolin da za a ambata daga nan suka taso.

Lambun albasa a matsayin misali

A ƙaddara cewa ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wata makaranta a Darna Sabon Gari, mutum 8 da malaminsu, ta yanke shawarar noman albasa da rani domin ta gwada takin gargajiya da na zamani. Albasa amfanin gona ce da yankin ya sani sarai, tun daga fadamun Sakkwato har zuwa Galmi a Nijar, garin da shahararriyar jar albasar nan ta samo sunanta. A ƙaddara kuma ayyukan sun kasu kamar haka: neman iri, mako 1, yafa iri da renonsa, mako 6, dashe, mako 1, ban-ruwa da ciro har albasa ta nuna, mako 14, cirewa da shanya kafin a kai rudu, mako 2. Ban da waɗannan, akwai gyaran fangali na mako 2 da gyaran injin ban-ruwa na lambun na mako 1.

Idan aka lura, ayyuka biyar na farko sarƙe suke da juna. Ba a yafa irin da ba a samo ba, ba a kuma dasa abin da bai yi ƙwari ba. Jimillarsu mako 24 ne, kuma su ne ƙashin bayan aikin. Gyaran fangali kuwa yana da sarari, domin ana iya yinsa a kowane lokaci cikin mako 7 na farko, wato yana da rarar mako 5. Saboda haka idan mai gyaran fangali ya makara da mako guda, babu abin da ya ɓaci. Amma idan mai neman iri ya makara da mako guda, ranar girbi ta ja baya da mako guda.

A nan ne ilmin halittu ya shigo. Ɗan kwangila na iya ƙara leburori domin ya cike gurbin kwanakin da suka salwanta, amma babu yawan leburorin da zai sa shuka ta yi girman mako shida cikin uku. Albasa tana son sanyin hunturu lokacin da take fitar da ganye, sannan ta ƙulla lawashinta ta yi kai yayin da zafi ke ƙaruwa. Wanda ya makara wajen dashe, zafin bazara zai riski albasarsa tun ganyenta bai wadata ba, sai ta yi ƙananan kawuna. Don haka ƙungiyar na buƙatar abin da zai nuna mata a fili wane aiki ne ba ya jira.

Ma'aunai shida

Na farko, shin manhajar ta dace da siffar aikin? Aikin da matakansa ke sarƙe da juna, kamar na albasa, jadawalin Gantt ya fi bayyana shi. Aikin da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wannan ya jira wancan ba, kamar gyaran kujerun makaranta, allon Kanban ya wadatar.

Na biyu, me ke faruwa idan babu sabis? Wannan tambaya ita ce mafi nauyi a yankin kan iyaka, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma waya ta kama layin ƙasar maƙwabta. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Haka kuma a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga matsala. Ƙungiyar da duk jadawalinta ke can wata ƙasa, a irin wannan rana ba ta da abin dubawa. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe data, a buɗe manhajar, a ga ko za a iya karanta jadawalin, a rubuta sabon abu, sannan ya tafi da kansa idan sabis ya dawo.

Na uku, wace irin na'ura take buƙata? Manhaja na iya yin kyau a babban allon kwamfuta amma ta gagari ƙaramar waya mai ƙarancin ma'ajiya. A gwada ta a kan wayar da ta fi kowacce rauni a ƙungiyar, a kuma duba yawan data da cajin da ta ci cikin mako guda.

Na huɗu, nawa ne ainihin kuɗinta? Da yawansu suna da sashen kyauta, amma sukan iyakance yawan mutane ko su ɓoye jadawalin Gantt sai an biya. Biyan kuwa galibi da dalar Amurka ne, a kan kowane mutum, kowane wata. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma cikin watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi kasafinsa da tsohon farashi, sai ya wayi gari kuɗin sun ninka sau uku alhali manhajar ba ta ƙara masa komai ba.

Na biyar, shin kowa zai iya amfani da ita? Galibin manhajojin da Turanci ko Faransanci suke magana. Manomin da ke taimaka wa ɗalibai da ban-ruwa mai yiwuwa ajami ya iya, ko kuwa saƙon murya ya fi masa sauƙi. Idan mutum 3 cikin 9 ba sa buɗe allon, to allon ya daina faɗin gaskiyar halin da aiki ke ciki, kuma allon da ke ƙarya ya fi rashin allo haɗari, domin shugaba zai saki jiki da shi.

Na shida, bayanan na wane ne? A tabbata ana iya kwashe su a mayar da su jadawali na yau da kullum duk ranar da aka so barin manhajar. Idan kuma akwai sunayen yara ko lambobin waya a ciki, to a tuna cewa Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma amana ce a wuyan wanda ya tattara su.

Darasi daga yaƙi da shan-inna

Arewacin Nijeriya ya riga ya ga yadda ake daidaita fasaha da muhalli. A 2012 an samu yara 122 da ƙwayar cutar shan-inna ta asali ta kama a ƙasar. Ɗaya daga cikin matsalolin shi ne ƙananan tawagogin allurar rigakafi na tsallake wasu ƙauyuka da rugage, domin taswirorin da aka zana da hannu ba su nuna su ba. Sai aka sake zana taswirori daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka kuma riƙa ba tawagogi wayoyin da ke rubuta inda suka taka a jihohin Arewa, har da Sakkwato. Hikimar ita ce wayar ba ta buƙatar sabis domin ta san inda take, tun da daga tauraro take karɓar alama. Da yamma sai a tattara wayoyin, a aika da bayanan, masu sa ido su ga inda aka tsallake, a koma can kafin zagayen ya ƙare. Manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox su ma a kan wannan ƙa'ida aka gina su: a cika a daji, a aika idan an samu sabis.

Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, sannan 6 a 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ƙwayar ta asali, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'i da ya rikiɗe. Ba waya kaɗai ta kawo nasarar ba. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da malamai, da matan da suka riƙa shiga gida-gida, su ne suka ɗauki nauyin. Abin da fasahar ta yi shi ne ta nuna giɓi da wuri, tun ana iya cike shi.

A gwada kamar yadda ake yi a ɗakin bincike

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗalibin kimiyya bai kamata ya karɓi tallar kamfani a matsayin hujja ba. A raba ƙungiya gida biyu daidai wa daida, a ba su ayyuka masu kama da juna. Rukuni na farko ya yi amfani da manhajar, na biyu kuma ya yi amfani da allo da alli tare da zauren WhatsApp, wato shi ne ma'aunin kwatance. Tun kafin a fara a rubuta abubuwan da za a ƙirga: ayyuka nawa suka wuce ranarsu, sau nawa wani ya ce bai san aikinsa ba ne, mutum nawa suka duba jadawali a kowane mako, da kuma kuɗin da aka kashe. Bayan mako 3 sai a yi musaya, a sake wasu mako 3, domin kada ƙwazon wani rukuni ya rikita sakamakon. A yi wannan gwaji da damina, tun kafin lokacin yafa iri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Masana ilmin halittu sun san cewa babu wata halitta da ta fi kowacce a ko'ina. Raƙumi gwani ne a rairayi, amma a tafkin Kalmalo kifi ya fi shi. Haka manhajar da ta yi wa wani ofis a Legas ko Landan daidai tana iya kasawa a bakin fangali a Darna. Idan gwaji ya nuna cewa manhaja ta rage jinkiri, kuma kowa na buɗe ta, to a riƙe ta, amma a riƙa kwafe jadawalin a takarda duk ranar Juma'a saboda ranar da sabis zai ɗauke. Idan kuwa allo da alli suka yi nasara, to babu abin kunya, domin shi kansa Gantt da takarda da fensir ya yi nasa jadawalin.