Kada Mu Yi Saurin Kiran Mai Jari-Bola

Kusan kowace majami'a tana da ɗakin ajiya inda karyayyun benci da fasassun ganguna suke jibge. A namu ɗakin akwai wata tsohuwar kwamfuta ta shekarun 1990, da kwali guda na faifan fulofi. Har kwamiti ya gama ciniki da mai jari-bola, sai wani dattijo ya tuna cewa a cikinta ne marigayi magatakardanmu ya buga sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da ɗaurin aure. Littafin asalin kuwa gara ta cinye rabinsa.

Wanda ya fisshe mu wani saurayi ne daga ƙungiyar matasa, wanda a da iyayensa suke yi wa faɗa saboda kwance rediyon gida. Bai yarda a kunna na'urar nan take ba, domin wuta a kan lalataccen allo takan ƙone abin da ya rage. Da farko ya buɗe ta, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da burushi. Sa'an nan ya nuna mana ɗan batirin da ke riƙe mata kwanan wata, wanda ya yi yoyo ya soma cin siraran hanyoyin tagulla. Ya cire shi, ya goge wurin, ya haɗa hanyoyin da suka tsinke da dalma, ya kuma sauya kafasito biyu da suka kumbura. Mako uku yana wannan aiki bayan ya tashi daga makaranta. Ranar da rubutu ya bayyana a gilashin, har guɗa aka yi.

To, amma ya gargaɗe mu cewa tashin nan na ɗan lokaci ne. Faifan fulofi mai inci 3.5 megabait 1.44 kaɗai yake ɗauka, zafi da danshi da maganaɗisu kuma suna goge shi. Kamfanin Sony ma ya daina yinsa tun 2011. Saboda haka muka kwashe kome zuwa sabuwar na'ura, muka kuma buga a takarda. Waɗansu faifan sun riga sun yi fumfuna, abin da ke cikinsu ya tafi ke nan. Duk da haka, a cikin abin da ya tsira ne wata gwauruwa ta sami shaidar aurenta, wadda ake nema kafin a biya ta haƙƙin mijinta.

Muna jan kunnen yara: tsohon gilashi mai ƙeya yakan riƙe wuta ta dubban bolt ko bayan an zare shi daga soket. Kada kowa ya buɗe shi, ko akwatin wutar na'urar, sai tare da gwani.

A cikin Yohanna sura 6, bayan Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara gutsattsarin har kwando goma sha biyu. Mu ma wakilai ne a kan abin da aka ba mu amana. Dattawa, ku leƙa ɗakunan ajiyarku tun damina ba ta shigo ba. Iyaye kuma, yaron da ke yawo da sukurdireba kada a kashe masa zuciya, a nema masa maigida nagari. Ubangiji ya ba mu hikima, amin.