Ƙwaƙwalwar da ke Cikin Hanjinmu

Mu ɗaliban Maiyama mun san yadda ciki ke ɗurar ruwa idan an fara raba takardun jarrabawar WAEC. Dalili kuwa shi ne a bangon hanjinmu akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100. Su ke tura abinci gaba, suna kuma musayar saƙo da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa masana ke kiransu ƙwaƙwalwa ta biyu.

A jikin waɗannan jijiyoyi akwai wani furotin mai suna firayon. Kowannenmu yana da shi, kuma lafiyayyensa ba ya cutarwa. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun ma nuna yana taimakawa wajen kare bangon hanji daga kumburi.

Matsala tana farawa ne idan furotin ɗin ya naɗe ba daidai ba. Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Mai sayar da albasar Aliero ya san ruɓaɓɓiya ɗaya kan lalata buhu. Haka gurɓataccen firayon yake: duk lafiyayyen da ya taɓa sai ya lanƙwasa shi ya koma irinsa. Idan aka ci shi a nama, yakan ratsa bangon hanji, ya shiga jijiyoyin ciki, ya bi su sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki shekaru ba tare da wata alama ba.

An ga haka a Birtaniya. A 1986 aka gano ciwon haukan shanu, bayan an daɗe ana ciyar da shanu garin nama da ƙashi. A 1996 gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa ciwon na iya kama mutane, kuma mutum 178 ne suka rasu a can. Dafuwa ba ta kashe firayon, har yau kuma ba a samo magani ba. Ba'amurke Stanley Prusiner, wanda ya raɗa masa suna a 1982, ya sami kyautar Nobel a 1997.

Yawancinmu muna kiwo a gida. Kada mu bari a zuba wa shanu, tumaki ko awaki abincin da aka haɗa da ragowar nama ko ƙashi. Idan dabba ta fara tangaɗi ko rawar jiki, mu gaya wa iyayenmu a kira likitan dabbobi kafin a yi maganar yanka ko kai ta kasuwar Jega.